Kwalin Maganin Inna

Inna ba ta yi boko ba, amma ta san maganinta kamar yunwar cikinta. Da kwalinsa ta san shi: fari, da ratsin shuɗi a gefe, da wani ɗan tambari a kusurwa. Tun ranar da aka ce tana da hawan jini, shekara bakwai ke nan, duk ƙarshen wata sai ta ciro kwalin da ya ƙare daga tasar da take ajiya a ƙarƙashin gado, ta naɗe shi a leda, ta ba direban da ke jigila tsakanin Gwandu da Birnin Kebbi ya kawo mini. Saƙon baki ɗaya ne kullum: "A ce mai ya sawo irin wanga." Ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari.

Ni ma ban taɓa tambaya ba. In kwalin ya iso sai in wuce kantin magani, in miƙa, in ce a ba ni irinsa. Da bokona da komai, abin da na yi ta yi ke nan shekara da shekaru, kamar yaron da aka aika cefane.

A ƙarshen 2023 abin ya fara fin ƙarfina. Wannan wata a ce ya tashi, in biya. Wata mai zuwa a ce ya sake tashi. Kafin azumin 2024, kuɗin da nake sayen na wata guda da su ba su kai ni rabin wata. Na sayi abin da ya samu, na aika da cewa saura na nan tafe. Inna ta karɓa, ta sa albarka. Ashe ita ma ta yi nata lissafin. Ta ga ɗanta na cikin matsi, sai ta mayar da maganin yau a sha, gobe a huta. Ranar da kanta bai sara ba kuwa, ko taɓa shi ba ta yi. Ta riƙa tara ƙwayoyin a bakin zani kamar mai tara zubin adashi.

Bayan ƙaramar salla ƙanwata ta kira ni da asuba, ta ce Inna ta tashi alwala jiri ya kwashe ta. Muka kai ta asibitin gwamnatin jiha da ke Kalgo, a kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Jega. Da aka ɗaura mata abin awo, ma'aikaciyar jinya ta dubi lambobin, ta dube ni, ba ta ce uffan ba, ta kwance ta ɗaura a ɗaya hannun. Allah Ya taƙaita, ɓarin jiki bai shanye ba. Amma abin da muka kashe a kwana uku, da shatar mota, da gwaje-gwaje, da abincin masu jinya, ya zarce kuɗin maganin wata shida.

Ranar sallama na je tagar da ake karɓar magani da takardar likita a hannu ɗaya, tsohon kwalin Inna a ɗayan. Mutumin da ke ciki dattijo ne, furfura ta fara cin gemunsa, tabarau a ƙarshen hanci. Na tura masa kwalin na ce, ranka ya daɗe, wannan ta saba sha, shi nake so. Ya juya shi, ya sake juyawa, ya miƙo mini.

"Malam, karanta mini abin da aka rubuta."

Na karanta babban sunan da ke tsakiya.

"Wannan kamfani ne ya raɗa masa. Na ƙasansa fa, ƙananan baƙaƙen?"

Na matso da shi kusa da ido. Amlodipine, 10 mg.

"Yauwa. Wannan shi ne sunansa na yanka. Na saman laƙabi ne."

Ya juya ya ɗauko kwalaye uku ya jera a gabana. Ɗaya daga Indiya, ɗaya an yi shi a nan gida, ɗaya ban riƙe ƙasarsa ba. Launi daban, girma daban, babban suna daban. A ƙasan kowanne, da ƙananan baƙaƙe: amlodipine, 10 mg. Mafi araha a cikinsu bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin da nake biya ba. Na tsaya ina kallonsu, na bayana a layi yana ta taɓa ni a kafaɗa. Shekara bakwai ina sayen kwali.

Ga yadda abin yake. Duk maganin asibiti yana da suna biyu. Akwai sunan sinadarin da ke yin aikin a jiki, wanda ba mallakar kowa ba ne, kuma shi ne ɗaya a Gwandu da Makka da Landan. Akwai kuma sunan kasuwa, wanda kowane kamfani ke sa wa nasa. Panadol sunan kasuwa ne, farasitamol ne a ciki. Glucophage na masu ciwon suga, metformin ne. Ventolin da masu asma ke shaƙa, salbutamol ne. Coartem da Lonart da Amatem duk haɗin artemether da lumefantrine ne, maganin zazzaɓin cizon sauro. Na rubuta su yadda suke a jikin kwali don mai karatu ya iya dubawa da idonsa.

Kamfanin da ya ƙirƙiro sabon magani doka tana ba shi shekara 20 ba mai yin irinsa sai da izininsa, don ya mayar da abin da ya kashe wajen bincike. A wannan tsakanin shi kaɗai ne a kasuwa, abin da ya yanka shi ne farashi. Da wa'adin ya cika, duk kamfanin da ya cika sharuɗɗa zai iya yi, sai farashi ya faɗo. Kamfanin Pfizer ne ya fito da amlodipine da sunan Norvasc, kuma wa'adinsa ya ƙare a Amurka tun 2007. Metformin kuwa tun 1957 aka fara ba masu ciwon suga shi a Faransa. Ya girmi Nijeriya mai 'yanci. Wato mafi yawan magungunan da iyayenmu ke sha na hawan jini da suga tsofaffin magunguna ne da kowa ke da damar yi, ba wani sirri da ya rage a cikinsu.

Wanda ke shakkar girman tazarar da ke tsakanin laƙabi da sunan yanka ya tuna da 2001. A lokacin maganin da ke danne cutar ƙanjamau yana cin sama da dala 10,000 a shekara ga mutum ɗaya, shi ya sa a Afirka ba mai maganarsa sai masu hannu da shuni. Yusuf Hamied, shugaban kamfanin Cipla na Indiya, ya fito ya ce zai ba da haɗin magunguna uku a kan dala 350 a shekara, ƙasa da dala ɗaya a rana. Wannan faɗuwar farashi na cikin abubuwan da suka buɗe hanyar da yau ake karɓar maganin kyauta a asibitocin gwamnati.

To me ya sa likita ke rubuta laƙabin? Wani sabo ne. Wani ya taɓa ganin maganin wani kamfani ya yi aiki sai ya amince da shi. Wani kuma wakilan kamfanoni ne ke yawan kai masa ziyara da biro da kalanda har sunan ya zauna a hannunsa. Manufar magunguna ta ƙasa ta ce a riƙa rubutawa da sunan asali, kuma tun 1989 Nijeriya ke da dokar jerin muhimman magunguna, bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da nata jerin a 1977. Amma takarda daban, ɗakin likita daban.

Tashin farashin da ya kai Inna ƙasa kuwa ba mai kanti ne ya ƙirƙiro shi ba, ko da yake na sha zaginsa a zuci. Kimanin kashi 70 cikin 100 na magungunan da muke sha daga waje ake shigo da su, kuma ko waɗanda ake yi a Legas da Ogun, garin sinadarin daga Indiya da Sin yake zuwa, da dala ake sayensa. Kafin Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ga cire tallafin mai, wanda ya sa kowane katon da za a ɗauko daga kudu zuwa Kebbi ya zo da ƙarin kuɗin mota a kansa. A Agustan 2023 kamfanin GSK, mai Augmentin da Ventolin, ya sanar da cewa zai daina harka kai tsaye a Nijeriya, ya bar wa dillalai. A Nuwamba Sanofi ya bi sahu. Magungunansu suka yi wuya, farashin wasu ya ninka sau uku, sau huɗu. A ƙarshen Yunin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan umarnin ɗauke haraji da kuɗin fito daga kayan haɗa magunguna na tsawon shekara biyu, abin da Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya yi ta bayani a kai. Mataki ne mai kyau, sai dai tsakanin tashar jirgin ruwa ta Apapa da kantin kemis na Gwandu akwai hannaye da yawa, kuma kowane hannu da abin da yake laƙumewa.

Na dawo da sabon kwalin ina murna kamar wanda ya tsinci dami a kala. Inna ta karɓa, ta juya shi, ta ɓallo ƙwaya ɗaya ta ɗora a tafin hannu. Tsohuwar fara ce mai kusurwa, wannan kuwa zagayayya.

"Wanga ba shi na ba."

Na ce Inna shi ne, riga kawai ya sake.

"An dai ba ka na talakawa."

Dariya ta kama ni, amma maganar ba ta dariya ba ce. A wajenmu abu mai araha abin zargi ne, ana cewa araha ba ta ado. Kuma wanda ya sha magani da shakka a ransa, yau da gobe zai ajiye shi. Surutu bai yi mini amfani ba. Abin da ya yi amfani na'urar awon jini ce ta hannu, mai batir, wadda muka haɗa kuɗi da ƙannena muka saya. Ƙanwata ta koyi ɗaurawa. Kullum bayan sallar asuba, kafin koko, a zaunar da Inna ta huta minti biyar, a auna, a rubuta a bayan littafin makarantar jikanta. Mako biyu lambobin suna sauka har suka zauna inda likita ya ce a nema. Inna ba ta karanta lamba, amma tana karanta fuskar 'yarta. Wata safiya ta ce, "To, ashe shi ma yana ji." Shi ke nan.

A nan dole in ja birki, don kada wani ya karanta rabin labarin ya tafi kasuwa. Araha iri biyu ce. Akwai ta maganin da kamfani mai rajista ya yi da sunan asali, akwai ta jabu da lalatacce. Ranar kasuwa a garuruwanmu kowa ya san mai tallan magani da farantinsa ko akwatin katako a bayan keke, jere da ja-da-yalo da sauran kafso, rana tana dukansu tun hantsi. A watan Afrilu zafin Kebbi yana haura digiri 40, alhali yawancin kwalaye an rubuta a ajiye su ƙasa da 30. Ko maganin na gaske ne, kwana nawa zai yi a haka bai mutu ba? Ga masu lasifika a kan mota, da maganin hawan jini na sha-ɗaya-warke. Hawan jini irin na Inna ba a warke shi, lallaɓa shi ake yi har ƙarshen rai. Duk wanda ya ce maka kwalba ɗaya ta gama da shi, aljihunka yake yi wa magani.

Dattijon na Kalgo ya nuna mini abin da zan riƙa dubawa, kuma ba ya cin minti ɗaya. Lambar rajistar hukumar kula da magunguna, NAFDAC, a jikin kwali. Ranar ƙarewar wa'adi. Lambar rukunin da ke kan kwali ta yi daidai da ta katin ƙwayoyin da ke ciki. A magungunan zazzaɓin cizon sauro da wasu na kashe ƙwayoyin cuta akwai wurin kankarewa kamar katin waya, a tura lambar ta saƙon tes a sami amsa. Tun 2010 aka fara wannan. Masu jabu su ma suna buga lambar ƙarya, shi ya sa inda aka sayi magani ya fi komai. Tun zamanin Dora Akunyili, wadda ta riƙe NAFDAC daga 2001 zuwa 2008, ake wannan yaƙi, kuma har a 2024 sai da hukuma ta rufe shagunan 'yan magani na Sabon Gari a Kano don su koma sabuwar cibiyar sari ta Dangwauro. A ƙa'ida ma, kemis na unguwa lasisinsa na ƙananan magunguna ne. Na takardar likita aikin famasi ne mai ƙwararren mai haɗa magunguna. Na san a ƙauyuka da yawa kemis ɗin shi ne likita, shi ne famasi, shi ne mai ba da bashi, kuma ba don shi ba da wasu sun mutu. Amma maganin da za a sha kullum har shekaru, gara a nemo shi inda za a iya komawa a yi magana in an ga ba daidai ba.

Dattijon ya kuma ja mini kunne a kan abu biyu. Akwai magungunan da ba a sauya kamfaninsu kai tsaye sai da sanin likita, kamar na farfaɗiya da na tsinka jini, don ɗan bambanci kaɗan yana iya zama babba. Sannan dabarar sayen ƙwaya mai ƙarfi a raba biyu, wadda wani lokaci tana rage kuɗi, ba kowace ƙwaya ke karɓarta ba. Wadda aka yi don ta riƙa narkewa a hankali cikin yini, in aka fasa ta sai ta zube wa mutum gaba ɗaya. A tambaya kafin a sa wuƙa.

Tambayar ita ce abin da ya fi yi mana wuya. Mu mutanen nan an yi mana tarbiyyar kunya, kuma kunyar tana bin mu har ɗakin likita. Mutum ya zauna a takure, a rubuta masa abu bakwai, ya ce na gode, ya fito. Sai a bakin taga, da aka faɗi kuɗi, ya fara zufa. Daga nan ya zaɓa da kansa: ya ɗauki masu araha uku ya bar masu tsada, ko ya ce a ba shi rabin kowanne. Sau da yawa wanda ya bari shi ne maganin cutar, waɗanda ya ɗauka kuwa na ƙarin jini ne da bitamin. Ya koma gida da rakiya, ya bar amarya a tasha.

Da muka koma ganin likita bayan wata guda, na cije na yi abin da ban taɓa yi ba. Na ce, likita, a yi haƙuri, ni ke sayen maganin nan kuma ƙarfina ya kusa ƙarewa. A cikin magunguna biyar ɗin nan da aka rubuta mata wanne ne dole, wanne ne in an samu? Na zaci zai ɓata rai. Matashi ne, bai fi sa'an ƙanena ba. Ya ja takardar, ya soke biyu nan take, ya ce waɗannan na kwanakin kwanciya ne, an wuce wurin. Ya sake rubuta sauran da sunan asali. Ya ce da mutane za su riƙa faɗa masa haka tun farko da ya ji daɗi, don shi ba ya ganin aljihu, kuma abin da ya fi ba shi takaici shi ne ya ƙara wa mutum magani a kan cewa na farko bai yi aiki ba, alhali ba a sha ba ne. Ya kuma dubi Inna ya ce, Hajiya, a rage gishiri da ɗanɗano a miya. Ta ce to, da irin "to" ɗin da na sani.

Akwai wata ɓarnar da muke jawo wa kanmu, ita ce son allura da ƙarin ruwa. In ba a huda mutum ba gani yake ba a duba shi ba. Alhali ga wanda ke iya haɗiya kuma ba ya amai, ƙwaya tana yin aikin da kuɗi kaɗan. Haka nan "maleriya da taifot" da ake haɗa wa duk mai zazzaɓi kamar tuwo da miya. Gwajin zazzaɓin cizon sauro na ɗigon jini a yatsa ba ya wuce minti 20, kuma kuɗinsa bai kai na maganin ba. Gwajin taifot da aka fi yi a ƙananan ɗakunan gwaji kuwa yana yawan nuna akwai alhali babu, sai a ɗora wa mutum kafso na kwana goma a banza. Sai kuma "a haɗa mini na ɗari biyar", a zuba ƙwayoyi kala-kala a farar leda ba suna ba adadi. Rabin maganin kashe ƙwayoyin cuta ba rabin waraka ba ne, horar da cutar ne, gobe ta dawo ta fi ƙarfin mai arahar, sai mai tsada.

Da na zauna na yi lissafi da biro, sai na ga wani abu da ban taɓa sa shi a kuɗin magani ba: hanya. Daga Gwandu zuwa Kalgo da dawowa, mutum biyu, don tsohuwa ba ta tafiya ita kaɗai, ga abinci, ga yinin da ɗan rakiya ya bar gonarsa ko shagonsa. Bayan mun koma sunan asali, kuɗin mota ya fi kuɗin ƙwayoyin. Na gaya wa likitan haka. Da ya duba littafin awon ya ga lambobin sun zauna, sai ya mayar da zuwanmu duk wata uku, ya rubuta maganin wata uku, da sharaɗin a ci gaba da awo a gida ko a ƙaramin asibitin da ke kusa, in an ga ya haura a zo ba jira. Sayen na wata uku a lokaci ɗaya kuma ya fi sauƙi a kan kati-kati. Don kada nauyin ya faɗo a kan mutum ɗaya, mu biyar 'ya'yanta muka buɗe ɗan asusu a hannun ƙanwarmu, kowa da abin da yake zubawa in wata ya mutu. Ba a taɓa shi don biki ko suna. An gwada sau ɗaya, aka yi rigima, ba a sake ba.

Sai maganar gwamnati, wadda mutanenmu ke ji su taɓe baki. Ina da dalilin fahimtarsu. Marigayi Baba har ya rasu yana labarin maganin PTF na zamanin Abacha, lokacin da Buhari ke riƙe da asusun, yadda aka cika asibitoci da magani mai sauƙi. Tsarin da aka bi ya samo asali ne daga shawarar da ministocin lafiya na Afirka suka yanke a Bamako a 1987: a zuba wa asibiti jarin magani, ya sayar da 'yar riba kaɗan, ya sake sarowa da kuɗin, abin ya riƙa juyawa. Inda aka riƙe amana ya yi aiki. Inda aka ci uwar kuɗin, kantoci suka koma wayam, aka dawo "babu, je ka waje ka saya". Duk da haka, har yau in akwai maganin a famasin asibitin gwamnati, yawanci ya fi na waje sauƙi, don sari ake yi da yawa. A fara tambaya a can kafin a tsallaka titi.

Inshorar lafiya kuma ta daina zama ta ma'aikatan tarayya kaɗai. Dokar da aka sa wa hannu a Mayun 2022 ta kafa hukumar NHIA a madadin tsohuwar NHIS, ta kuma wajabta inshorar a kan kowa, ko da yake wajabcin yana kan takarda tukuna. Ma'aikacin da ke cikin tsarin tarayya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani yake biya. Jiharmu tana da tata hukumar taimakekeniyar lafiya, KECHEMA. Akwai kuma asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta tanada, wanda ake ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, don marasa ƙarfi, da masu juna biyu, da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da tsofaffi, ta hannun zaɓaɓɓun ƙananan asibitoci a mazaɓu. Gurabe ba su isa kowa ba, kuma mai kati ma wani lokaci yakan ji "babu". Amma a ƙasar da sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci yake fitowa, kati ko da rabi yake ɗauka ya fi babu. Na ga mutane da yawa da suka cancanta ba su taɓa zuwa sun tambayi shugaban asibitin mazaɓarsu ko ana rajista ba, suna jiran sai ɗan siyasa ya kawo musu har gida.

Wasu magungunan ma kyauta ne, ana saye ne don rashin sani. Na tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin da aka ware, wata shida cur. Na ƙanjamau haka. Da damina ana bi gida-gida da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro ga yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna Kebbi ce kan gaba a wannan cuta, kashi 49 cikin 100 na yaran da aka gwada suna ɗauke da ita, shi ya sa da aka tashi fara allurar rigakafinta a Disambar 2024, da Kebbi da Bayelsa aka fara. Duk zazzaɓin da bai kama yaro ba, kuɗin maganinsa ya zauna a gida.

Yanzu kwalin Inna yana sauya kama. Wani zuwan kore, wani zuwan fari da ja, gwargwadon wanda aka samu mai rajista da sauƙi. Ta daina faɗa, amma ba ta saki tsohon kwalin ba. Ƙanwata ta yanke wurin da ƙananan baƙaƙen suke, ta zagaye su da jan biro, Inna ta adana guntun a cikin tasar. Duk sabon da aka kawo sai ta sa jikanta ɗan aji huɗu ya ɗora su gefe da gefe, ya bi baƙi bayan baƙi da yatsa. In ya ce sun yi daidai, sannan ta ɓalla.

Watan jiya direban ya tsaya a ƙofar ofishinmu ya miƙo mini leda, na ji ta fi kullum nauyi. Na kwance. Kwalaye huɗu ne, ba ko ɗaya na Inna: na suga guda biyu, na asma ɗaya, da wani na ciwon gwiwa da ya sha maiƙo har rubutun ya dushe. Na Gwaggo ne, da na matar liman, da na wasu maƙwabta biyu. Na tambayi direban ko akwai saƙo.

Ya ce, "Ta ce a ce maka ka juya su ka duba sunansu na yanka."